Hoton Djibo a hannu, bulalar Diamballa a aljihu

Jama'ar Damargu, na Tanut da na Belbeji, da ƴan uwanmu da neman abinci ya kai Agadas, Arlit, Kano, Libiya da Aljeriya, masu bin wannan shafi ta waya. Yau maganata da tsawo. Wanda yake kan aiki ya ajiye ta sai dare, in an ɗora shayi a karanta wa waɗanda ba su yi lakwal ba, don da su ma nake.

Ga abin da ya tayar da ni. Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a wata fada kusa da tasha, wani dattijo ya tsaya ya sha ruwa. Hira ta kai ga tsadar hatsi, sai ya ce shi fa bai gane ba, a Damargu rumbun gero tiya ta fi ƙarfin talaka, kuma ba wanda ya fito ya yi wa mutane bayani. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wani yaro ɗan kabu-kabu, wanda dattijon nan ya yi jika da shi, ya miƙe ya ce masa: "Tsoho, irinku ne ƴan Faransa, maciya amanar ƙasa. Da ni ke da iko yau a kaso za ka kwana." Dattijo bai tanka ba, ya ajiye moɗa ya kama hanyarsa. Da yaron ya tayar da babur, sai na ga hoton da ya manna a tankin mai: Djibo Bakary.

Tun ranar abin yake cin raina. Yaron nan bai san wanda ya manna ba. Da ya sani, da ya gane cewa kalmomin da ya jefi tsohon nan da su, irinsu aka jefi mutanen Djibo da su shekara sittin da suka wuce, kuma da irinsu aka cika gidajen kaso.

A watan Oktoba na 2024 hukumomi sun cire sunan Janar de Gaulle daga babban titin nan na Yamai, suka sa na Djibo Bakary. Na yi murna, ban ɓoye ba. Amma tun daga nan kowa ya zama ɗan Sawaba. Har jikokin waɗanda suka riƙe tocila suna nuna ƙofar gidan ƴan Sawaba da dare, yau su ne kan gaba wajen rera sunansa. Ban ce laifin kaka ya hau jika ba. Na ce dai wanda zai ɗauki sunan mutum ya yi ado da shi, ya fara sanin abin da ya faru.

To ga abin da ya faru.

Mutum biyu ne jigon rigimar, kuma ƴan uwan juna ne, ƴan gari ɗaya, Sudure kusa da Yamai. An haifi Diori Hamani a 1916, Djibo Bakary a 1922. Dukansu sun yi makarantar William Ponty a Senegal, dukansu sun dawo mushe, Djibo har ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Dukansu suna cikin jam'iyyar PPN da aka kafa a 1946, reshen RDA a Nijar, mai alamar giwa. Abin da ya raba su aƙida ce, ba gado ba. Wajen 1950 Houphouët-Boigny na Kodebuwa, jagoran RDA, ya yanke shawarar a raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a sasanta da gwamnatin mulkin mallaka. Diori ya bi. Djibo ya ce shi ba da shi ba. Ya koma cikin leburori da ma'aikata yana haɗa su ƙungiya, a 1954 ya kafa tasa jam'iyyar, UDN, wadda bakin jama'a ya raɗa wa Sawaba, alamarta raƙumi.

Kalmar ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce dai wadda NEPU ta Malam Aminu Kano ta riƙe a ƙetaren iyaka tun 1950, ita ce kuma ta zama laƙabin Hajiya Gambo ta Zariya. Talakan Damagaram da talakan Kano ciwonsu ɗaya ne a lokacin: lanho, dogari, kumandan, da mai sarautar da ba a ɗaga ido a dube shi. Shi ya sa waɗanda suka fara rungumar raƙumi ba manyan ƴan boko ba ne. Direbobi ne da karnukan mota, teloli, mahauta, ƴan koli, fatake, masu ɗaukar kaya a tasha, da mata masu zaman kansu. Mutanen hanya ke nan. Wanda ya san yadda labari yake tafiya a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut zuwa Agadas tun kafin a shimfiɗa kwalta, ya san cewa a bayan manyan motoci siyasar nan ta yi yawo, tare da goro da gishiri.

A nan zan fara ɓata wa masoyan Djibo rai. Mutumin da ya yi suna da faɗa da sarakuna, da ya ga ƙuri'ar talakan birni ba za ta kai shi ba, sai ya haɗa kai da BNA, jam'iyyar sarakuna, a ƙarshen 1956. Da wannan auren ya zama magajin garin Yamai na farko, da shi kuma ya ci zaɓen watan Maris na 1957, kujera 41 cikin 60, ya kafa gwamnatin ƴan ƙasa ta farko. Da ya hau, ya tuɓe wasu masu sarauta, ya sa nasa. A watan Afrilu na 1958 matasan raƙumi da na giwa suka gwabza a Yamai, aka yi doke-doke, aka zubar da jini. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sawaba ta ɗanɗana mulki, kuma ba da ruwan sanyi ta yi shi ba.

Sai 1958, shekarar da komai ya juye. De Gaulle ya dawo mulki a Faransa, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa ranar 28 ga Satumba: "Eh", a zauna cikin tarayya da Faransa, ko "A'a", a tafi nan take. Djibo ya dawo daga taron Kwatano na watan Yuli da kiran ƴanci yanzu-yanzu, ya ce A'a, kamar Sékou Touré na Gini. Amma Nijar ba Gini ba ce a idon Faransa. Ga yaƙin Aljeriya yana ci a kan iyakarmu ta arewa. Ga hamadar Sahara da Faransa take son riƙewa da hannu biyu. Ga yuraniyom da aka gano a Azelik a 1957. Ga Najeriya a kudu tana shirin samun ƴanci, kuma ana tsoron Djibo ya jingina da ita. Saboda haka aka aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, makonni kaɗan kafin zaɓe, da aiki guda: raƙumi ya faɗi. Aka ƙaro sojoji, aka kira sarakuna ɗaya-ɗaya aka tuna musu wanda ya naɗa su. Issoufou Saidou Djermakoye da sauran manyan BNA suka zame suka bar Djibo. Auren da aka ɗaura don kujera, ranar da kujera ta girgiza ya mutu.

Sakamakon da aka bayyana: Eh kashi 78 cikin ɗari, A'a kashi 22. Amma akwai lissafin da ba a cika faɗa ba: cikin waɗanda aka rubuta sunansu, kashi 37 kawai suka fito. Kusan mutum biyu cikin uku sun zauna gida. Kowa ya fassara wannan shirun yadda ya ga dama, ni dai ban ga murna a cikinsa ba.

Djibo ya sauka a watan Oktoba. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba. Ku saurara da kyau a nan, ƴan jihar Damagaram, don wannan namu ne: ƴan kujerun da Sawaba ta tsira da su, a Tasawa da Damagaram ta same su, kuma su ma aka soke. Ranar 18 ga Disamba 1958, wadda muke biki kowace shekara, Diori ya zama shugaban gwamnati, Boubou Hama ya riƙe majalisa, Diamballa Yansambou Maïga ya riƙe ma'aikatar cikin gida, wato ƴan sanda, gardawa da gidajen kaso. A watan Oktoba na 1959 aka haramta Sawaba kwata-kwata. Ranar 3 ga Agusta 1960 Faransa ta miƙa ƴancin nan da aka kori Djibo saboda ya nema, ta miƙa shi ga waɗanda suka ce ba su so tukuna.

Wannan shi ne tushen yaƙin, kuma duk wanda ya fara ba ku labari daga 1964 ya yanke muku kan zance. An hana mutane ƙuri'a, an hana su jam'iyya, an hana su taro, an hana su jarida. Ɗaukar katin raƙumi ya zama laifi, rashin katin giwa ya zama abin tuhuma. Matasan jam'iyya mai mulki suka zama ƴan banga a unguwanni. Djibo ya fice, ya zauna Bamako, daga baya Akara wajen Kwame Nkrumah. Samari suka riƙa sulalewa da dare, ta Kano inda ƴan NEPU ke ba su masauki, ko ta Gao. Wasu karatu suka je nema a ƙasashen gurguzu, wasu aka kai su sansanin horo a Gana, a Aljeriyar Ben Bella, a Sin, har Biyetnam ta Arewa. Ousmane Dan Galadima na Madawa shi ne babba a ɓangaren yaƙi. Abdoulaye Mamani, ɗan Gudumariya wanda ya wakilci Damagaram a majalisa, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarauniya, yana Aljeriya yana yi wa jam'iyya aiki. A ɗaya gefen, Faransa tana bayan Diori da sojojinta da jami'an leƙen asirinta, Houphouët yana bayansa, gwamnatin Sardauna a Kaduna ma ta fi son giwa, tunda abokan raƙumi su ne ƴan adawarta a gida. Rigimar duniya ta gabas da yamma ta sauko har cikin gonakin gero.

Akwai masu cewa kada a kira shi yaƙin basasa, wai tawaye ne ƙarami. Ɗan ƙasa ya ɗauki bindiga a kan ɗan ƙasa saboda yadda za a mulki ƙasa, gari ya rabu biyu, wa ya kai ƙarar ƙane. In wannan ba basasa ba ce, ku ba ni sunanta.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba na 1964 ƴan ɗaruruwan mayaƙan Sawaba suka shigo ƙungiya-ƙungiya ta iyakar kudu da ta yamma, tun daga yankin Tera har Bosso bakin tafkin Cadi. Lissafin shugabanninsu shi ne da zarar an ji harbi talakawa za su tashi. Talakawa ba su tashi ba. Shekara biyar ana murƙushe su, wasu sun tsorata, wasu sun gaji, wasu kuma an gaya musu cewa baƙi ne ƴan kwaminis marasa salla suka zo ƙwace gonaki. Gwamnati ta san da zuwansu tun kafin su taka ƙasa. Aka tayar da ƙauyuka da kwari da baka ana farautar su cikin karan dawa. Dandouna Aboubakar, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago, a yankin Ƙonni aka kashe shi, aka kai gawarsa Yamai aka baje wa jama'a. Ranar 13 ga Oktoba aka harbe mutum huɗu a bainar jama'a, aka tara mutane su kalla.

A nan ma ba zan rufa wa Djibo asiri ba. Mutumin da yake zaune Akara ya tura ƴaƴan mutane cikin tarkon da aka riga aka ɗana, da labarin da bai tantance ba, da makamai kaɗan, ba hanyar komawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jarumtar yaran nan ba ta wanke kuskuren manyansu. Sannan ga abin da ya fi muni. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla a Yamai, Amadou Diop ya jefa gurneti yana nufin Diori. Diori ya tsira. Yaro ƙarami ne ya mutu, wasu masallata suka ji rauni. A filin idi, jama'a! Duk wanda zai ba ku tarihin Sawaba ya tsallake yaron nan, talla yake yi muku.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ya taɓa gidajenmu, kuma shi ne wanda ba a rubuta a allon titi. Kame ya bazu ko'ina. Ba mayaƙa kaɗai ba: wanda ya ba su ruwa, wanda ɗansa ya tafi bai dawo ba, wanda aka taɓa gani da katin raƙumi a 1957 lokacin da katin yake na gwamnati mai ci. An azabtar da mutane a Yamai, an kai wasu Tilaberi, wasu Agadas, wasu Bilma can cikin Kawar. Wasu ba su dawo ba, kuma iyalansu ba su ga kabari ba.

Yayan mahaifiyata tela ne a wani gari tsakanin Tanut da Belbeji. Bai taɓa riƙe bindiga ba, Yamai ma bai taɓa zuwa ba sai da aka kai shi a ɗaure. Laifinsa shi ne direbobi suna zama rumfarsa, kuma yana da rediyo. Wani maƙwabci da suka yi jayayya kan iyakar gona ya je ya ce a rumfar nan ake sauraren muryar ƴan tawaye. Aka zo bayan girbi aka tafi da shi, keken ɗinkinsa ma aka haɗa. Ya dawo bayan shekaru da kunne ɗaya ba ya ji. Mu da muka tashi muka same shi, mun ɗauka haka Allah ya halicce shi, mai shiru, mai zabura in mota ta tsaya ƙofar gida da dare. Sai bayan rasuwarsa inna ta gaya mini, ta kuma ce kada in maimaita. Maƙwabcin nan sahu ɗaya suke salla da kawu har mutuwa ta raba su. Shi ba Bafaranshe ba ne. Ba kumandan ba ne. Namu ne, kuma a ranar da ya kai ƙarar, shi a ganinsa kishin ƙasa ya yi, ko kuwa ya sami rigar kishin ƙasa ya rufe ƙyashin gona da ita. Da ɗan gari akan ci gari.

Shi ya sa maganar yaron tasha ta sa jikina ya yi sanyi. Na taɓa jin muryar nan. Muryar maƙwabcin kawu ce.

Sauran tarihin gajere ne. Boumediene ya kifar da Ben Bella a watan Yuni na 1965, soja suka kifar da Nkrumah a watan Fabrairu na 1966, Sawaba ta rasa bango biyu da take jingina. Aka miƙo wasu mayaƙanta ga Yamai, Dan Galadima ma ya faɗa hannu. Diori ya ci gaba da mulki da jam'iyya ɗaya, yana tsayawa zaɓe shi kaɗai yana cinye kusan duka ƙuri'u.

Don kada ƴan giwa su ce na yi musu rashin adalci, bari in faɗi nasa alherin. Diorin da ake kira yaron Faransa, lokacin yaƙin Biyafara ya tsaya tare da gwamnatin tarayyar Najeriya, alhali de Gaulle da Houphouët suna ɗaya gefen. A ƙarshen mulkinsa ya matsa wa Faransa lamba ta ƙara kuɗin yuraniyom. Mutum ne mai wayon diflomasiyya wanda ya karɓi ƙasa ba jami'a, ba masana'anta, likitoci ana ƙirga su da yatsu. Amma duk wannan bai buɗe ƙofar kaso ko ɗaya ba. Kuma lokacin da fari ya kai maƙura a 1973, Damargu ta ga abin da ta gani, dabbobi suka ƙare, mutane suka yi kudu, babu wata jam'iyya ko jarida da ta rage wadda za ta iya tsayawa ta ce taimakon abinci ba ya isa inda ya kamata. An riga an rufe bakin kowa tun 1959. Gwamnatin da ta hana a gaya mata gaskiya, ita ma ta daina jin labarin ƙasarta.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya yi juyin mulki. Aka kashe Hajiya Aïssa matar Diori a daren. Shi Diori nan Damagaram aka kawo shi aka tsare har 1980, sannan ɗaurin talala, ya rasu a Rabat a 1989. Boubou Hama aka kai shi Agadas, garin da aka riƙa kai ƴan Sawaba. Aka saki fursunonin raƙumi, Djibo ya dawo gida, mutane suka ce sawaba ta zo. A 1975 Kountché ya kama shi shi ma, ya yi shekaru a tsare. Ƴan uwa biyu na Sudure, lokaci guda, kowa a ɗakinsa a kulle, soja yana riƙe da makulli. Bayan taron ƙasa na 1991 Djibo ya sake fitowa, Sawaba ta dare gida biyu, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, zaɓen da Mahamane Ousmane ya ci, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ya rasu a Yamai a watan Afrilu na 1998. Ina masu ihun sunansa na yau suke a 1993? Wasunsu ba a haife su ba, na yarda. Iyayensu fa?

Yanzu bari in juyo kan masu gardama da ni, don na san abin da za a rubuto.

Za a ce yanzu lokacin yaƙi ne, ƙasa tana cikin haɗari, maƙiya sun kewaye mu, ba lokacin tambaya ba ne. Wallahi kalma da kalma abin da gwamnatin Diori take faɗa ke nan a 1964, kuma ita ma ba ƙarya take yi duka ba: da gaske akwai masu bindiga a kan iyaka, da gaske akwai ƙasashen waje a bayansu. Haɗarin gaskiya ne, amma tela aka kama. Kullum haka abin yake tafiya. Mai bindiga yana daji, wanda hannu yake iya kaiwa shi ne mai rumfa a kasuwa.

Za a ce Djibo ɗan kishin ƙasa ne, masu magana yau kuwa ƴan koren Faransa ne, kada in haɗa su. To wa yake raba takardar kishin ƙasa? A 1964 Diamballa ne yake raba ta, kuma a littafinsa Djibo ne maci amana, ɗan koren Sin da Gana. Gidan rediyon ƙasa haka yake faɗa safe da yamma, kuma mutane da yawa sun gaskata, har suka ɗauki kwari da baka. Shekara sittin bayan nan aka sa sunan maci amanar a babban titi. Wanda ka kira ɗan Faransa yau saboda ya tambayi kuɗin gero, wa ya ba ka tabbacin ba shi jikokinka za su nema su roƙi gafara ba?

Za a ce ina tonon tsohon ciwo, a bar matattu su huta. Su wa suka huta? Shugabannin sun huta, an raba musu filin jirgi, gidan tarihi da titi: Diori yana da filin jirgin Yamai, Boubou Hama yana da gidan tarihi na ƙasa, Djibo ya sami titinsa. Direba da tela da mai ɗaukar kaya fa? Sunansu yana bakin wasu tsofaffin mata kaɗai, waɗanda har yau suke rage murya in za su ce Sawaba. Wani Bature ɗan Holan, Klaas van Walraven, ya yi shekaru yana yawo ƙasar nan yana zama da tsofaffin ƴan Sawaba, ya fitar da littafi mai kauri a 2013, aka juya shi zuwa Faransanci daga baya. Allah ya saka masa. Amma abin kunya ne a ce sai baƙo ya zo daga Turai ya tambayi kakanninmu abin da mu muke jin nauyin tambaya. Muna da jami'a a Damagaram mai ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou. Muna da gidajen rediyon gari. Kowane yaro yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu, yana ɗaukar rawa da faɗan kasuwa da ita.

Ni ban hana kowa son Djibo ba. Ni ma ina ganin a 1958 shi ne ya fi hangen nesa, kuma zalunci aka yi masa, da hannun Faransa da hannun ƴan uwansa. Abin da na ƙi shi ne a mayar da shi gunki a riƙa dukan mutane da shi. Ƙarar da Sawaba ta shigar gaban tarihi ita ce an hana talaka magana. Wanda ya ɗauki hoton mai ƙarar ya je yana hana talaka magana, ya koma ɓangaren wanda ake ƙara, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma ƴan uwa malamai da masu wa'azi da masu riƙe da fada-fada, ku ma da ku nake: yaron nan ba shi ya ƙirƙiro kalmomin nan ba, a bakin manya ya tsince su.

Dattijon nan na tasha na bi sawunsa, na same shi washegari wajen masu sayar da igiya. Na ba shi haƙuri a madadin yaron. Ya yi dariya ya ce ba komai, shi ya ga abin da ya fi haka. Na ce me ya gani? Ya dube ni, ya dubi mutanen da ke kusa, ya ce in ina son ji in same shi gida bayan la'asar, ba a kasuwa ba. Shekararsa ta haura tamanin, kuma har yanzu sai ya waiga.

Zan je ranar Juma'a da wayata, in ya yarda in ɗauka. Na kuma aika wa ɗan kabu-kabun nan cewa shi nake so ya kai ni, zan biya shi kuɗin zuwa da dawowa da na jira, da sharaɗin ya shigo ya zauna a tabarma. Wanda yake da tsoho ko tsohuwa a Gangara, Olelewa, Falanko, Tarka ko Tanhiya da ya ga zamanin raƙumi da giwa, ko daga wane ɓangare yake, ko da kuwa shi ne ya riƙe tocilar, ya yi wa masu kula da shafin nan magana, za mu zo. Ba za mu fitar da sunan kowa ba sai da izinin iyalinsa. Na kawu ma sai na je na roƙi ƴarsa tukuna.